Littafin Abba Mai Zabbi

Auna, watan Yuni

Zuwa ga Mama Hajiya Rahmat Shaba,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da iyali da mutanen Tudun Wada baki ɗaya. Yaya damina? Allah Ya ba mu mai albarka.

Mama, ba ki san ni ba. Sunana Alheri, ina koyar da Hausa a ƙaramar sakandare a nan Auna. Na yi ta fara wannan wasiƙa ina yagewa, don ban taɓa zaton wata rana zan rubuta wa wadda ta rubuta "Bilki Ta Maimaita Aji" ba. Ni a da ina ɗauka masu rubuta littafi ko dai suna Kaduna ko kuma sun daɗe da rasuwa. Sai ran nan direban motar da ke kai mu Kontagora ya ga littafinki a hannuna, ya ce, "Ai Hajiya nas ce, ta ƙofar gidanta nake wucewa." Na kusa in ce ya tsaya in sauka, wai don kawai in ga ƙofar.

Ina aji huɗu na firamare aka ce in maimaita, domin a lokacin Kambarci kaɗai nake ji sosai, Hausa da Turanci kuwa sai dai in bi bakin mutane. Na yi kuka har na ce na bar makaranta. Wani malami ya ba ni littafin Bilki. A nan na fara ganin yarinya irina a cikin takarda, mai kunyar zama da ƙannenta a aji ɗaya, mai ɓoye sakamakonta a cikin buhun masara. Da ba don Bilki ba, da yanzu ba ni ce ke riƙe da alli ba.

Amma ba don kaina na rubuto ba. Ina da ɗaliba mai suna Umaima, shekararta goma sha uku, 'yar Malam Maikuɗi mai hatsi a kasuwar nan. Da ita ce akun aji, sai an roƙe ta take yin shiru. Bara, kafin a cire amfanin gona, ƙaninta Abba ya rasu da ciwon sikila. Tun daga nan sai dai ta ce "e" ko "a'a". Na ba ta littafinki, "Gidaɗo Ba Ya Shiga Ruwan Sama", ina zaton zai sanyaya mata zuciya tunda shi ma yaron cikin labarin sikila gare shi. Washegari ta zo ta ajiye shi a kan teburina, ta dube ni cikin ido, ta ce, "Malama, ƙarya ce."

Mama, raina ya so ya ɓaci, amma wannan ce cikakkiyar magana ta farko da na ji daga bakinta cikin watanni. Na ce mata wadda ta rubuta tana da rai, ta faɗa mata da kanta. Ban yi zaton za ta yi ba. Ga takardarta nan a ciki, ban gyara ko harafi ɗaya ba. Don Allah ki yafe mata, ki yafe min.

Taki mai biyayya,
Alheri

*

Zuwa ga wadda ta rubuta littafin Gidaɗo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa.

Na karanta littafinki. Abin da kika ce game da ciwon daidai ne. Yadda idonsa ke yin rawaya, da yadda yake cewa kamar ana sara masa ƙashi, da ruwan zafi a kwalba da ake ɗora masa. Duk haka Abbanmu yake yi. Har na ɗauka kin san shi.

Amma ƙarshen ƙarya ne. Kin ce an sallami Gidaɗo ya koma gida, ya zauna a baranda yana kallon ruwan sama, ya ce zai zama likitan shanu. Ba haka ake yi ba. Mu ma mun ba Abba maganinsa kullum, mun hana shi wanka da ruwan sanyi, yana kwana cikin gidan sauro. An kai shi Kontagora, ba a dawo da shi ba sai a lulluɓe.

Me ya sa kuke yi wa yara ƙarya?

Na gode.
Umaima Maikuɗi

*

Tudun Wada, Kontagora

Jikata Umaima,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaishe da iyayenki. Allah Ya jiƙan Abba, Ya sa ya cece ku, Ya ba ku haƙurin rashinsa. Ki gaishe min da Malama Alheri, ki ce mata babu abin da za a yafe.

Ki yi haƙuri da rubutuna, hannun ya tsufa yana rawa.

Fiye da shekara talatin ina samun wasiƙun yara. Akwai masu yabo, akwai masu roƙon in sa sunansu a littafi na gaba, akwai masu gyara min Hausa don wai tawa ta Nufawa ce. Ke ce ta farko da ta kira ni maƙaryaciya, kuma taki ce ta fi daɗewa a hannuna.

Bari in gaya miki yadda na fara. Ni ba malamar makaranta ba ce, aikin jinya na yi a ɗakin yara har na yi ritaya. Wasu yaran suna daɗewa a kwance, sai mu nemo musu abin karantawa. Abin da ake samu a lokacin ko dai tatsuniyar dabbobi, ko littattafan Turawa masu yara suna wasa cikin dusar ƙanƙara. Wata rana wata yarinya da aka ɗaure wa ƙafa ta tambaye ni, "Sista, me ya sa a cikin littafi babu wanda yake kwance a asibiti?" Da na koma gida sai na rubuta mata labarin yarinyar da aka ɗaure wa ƙafa. Ta sa na karanta mata shi har na gaji.

Daga nan ban tsaya ba. Na rubuta yarinya mai fitsarin kwance da aka kai makarantar kwana. Na rubuta yaron da iyayensa suka rabu, yana sallah a gida biyu. Na rubuta wanda babansa ke gidan yari, har wani shugaban makaranta ya dawo min da littattafan a kwali, ya ce, "Hajiya, yara ne fa." Na ce masa, "Malam, ai suna ɗakin lokacin da abin ke faruwa. Mu ne muke zaton ba sa gani."

Yanzu ga amsarki. Gidaɗo ba ƙirƙira ba ne. Yaro ne ɗan Fulanin garin Bobi da na yi jinyarsa shekaru da yawa, kuma da izinin mahaifinsa na bar sunansa. Yana nan da ransa. Ya haura talatin, malamin dabbobi ne, yana da mata da 'ya. Bai warke ba, har gobe ciwon yana kayar da shi, kuma yana ɗingishi don ya taɓa masa ƙugu. Amma yana nan. Ƙarshen littafin gaskiya ne.

Sai dai ke ma kina da gaskiya. A ɗakin da Gidaɗo ya kwanta akwai waɗanda ba su koma gida da ƙafarsu ba, iyayensu kuma ba su yi sakaci da komai ba, kamar ku. Wasu hannuna ne ya rufe musu ido. Su ban taɓa rubuta su ba. Na gan su da ido sau ɗaya, ban iya in sake ganin su a kan takarda ba.

Ki rubuto min in kina so. Ina son in ji wane irin yaro ne Abba.

Kakarki,
Rahmat

*

Auna, watan Yuli

Hajiya Kaka,

Assalamu alaikum. Ina kwana, yaya hannun? Inna tana gaishe ki. Ki yi haƙuri da na ce kin yi ƙarya.

Kin tambayi Abba. Shekararsa goma. Sunan kakanmu aka sa masa, shi ya sa ake ce masa Abba. Ba yaron kirki ba ne kullum. Yana satar min fensir, yana kai ƙarata wurin Baba, kuma in muna dara sai ya ce "Kai, ga shaho!" in na ɗaga kai ya matsar da ɗansa. In ya ga za a dake shi sai ya riƙe ƙafa ya ce ciwo ya tashi.

Yana da zabbi bakwai da kaza ta ƙyanƙyashe masa. Ya sa musu sunayen malamansa. Mai yawan ihun ita ce Hedimasta. Yana iya kwaikwayon kowa a kasuwa, Bakambare mai doya, da Bayarabiya mai atamfa, da Banufe mai kifi, har Baba ya yi dariya ya manta yana awo.

Wata rana aka yi ruwa mai ƙarfi, Inna ta shiga maƙwabta, sai ya tuɓe riga ya shiga tsakar gida yana tsalle. Na yi ta kiransa ya ƙi. Ya kwanta ciwo sosai bayan nan. Yana cikin nishi na ce masa, "Ka ga abin da ka jawo." Ya ce, "Yaya Umaima, wallahi ya yi daɗi."

A gidanmu yanzu ba a kiran sunansa. Baba ya hana, don in an kira Inna sai ta yi kuka. Zabbin ma an sayar. Ina tsoron nan gaba in manta muryarsa.

Kin rubuta littafin wanda ya rayu. Ki rubuta na Abba.

Jikarki,
Umaima

*

Tudun Wada, Kontagora

'Yata Alheri,

Gaisuwa da fatan alheri, ke da ɗalibanki. Wannan taki ce ke kaɗai.

Kin ga abin da yarinyar nan ta rubuto? Na karanta shi a tsaye, sai da na nemi kujera. Manya in an yi musu rasuwa sai su wanke mamacin tas har ya zama ba mutum ba. Ita ta fara da cewa yana satar fensir yana maguɗi a dara. Na yi shekara da shekaru ina koyon wannan, ita ta zo da shi tun daga gida.

Zan gaya miki abin da ban gaya mata ba. Na daɗe da ajiye alƙalami. Bayan littafina na goma sha ɗaya na ga kamar yaran yanzu sun wuce ni, suna da waya a hannu suna maganar abubuwan da ban san sunansu ba. Na ce na yi nawa, na koma kiwon tumaki biyu da zuwa biki. Yanzu kuma a ce in dawo da littafin da na fi gudu a rayuwata. Gaskiya tsoro nake ji. In na rubuta shi da zaƙi, ta sake kama ni da ƙarya. In na rubuta shi da ɗaci zalla, yaron da ke ɗauke da ciwon ya karanta ya ɗauka kabarinsa na nuna masa.

Ban ce zan yi ba, ban ce ba zan yi ba. Zan zo Auna ranar kasuwa in ga yarinyar, in gaishe da iyayenta, don ba a rubuta ɗan mutane a ɓoye. Na kira Gidaɗo na karanta masa wasiƙarta ta farko. Da na gama ya ce, "Sista, ni zan kawo ki." Har yanzu Sista yake ce min, da gemunsa.

Kada ki tara min mutane. Ba na son jawabi.

Mamarki,
Rahmat

*

Auna, watan Agusta

Mama,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kun isa gida lafiya, hanyar Salka ba ta jijjiga ki da yawa ba. Ki yafe min taron. Wallahi ba ni na kira su ba, yara ne suka ji, iyaye kuma suka biyo yara.

Har yanzu ban dawo daidai ba. Da kika shigo ajin nan da sandarki kika zauna a kan bencin ɗalibai, sai na ga yaran da ba sa iya shiru sun yi tsit. Kin lura da yaron da ya miƙe ya ce, "Nawa baban ma yana can," lokacin da kika ambaci littafin gidan yari? Shekara biyu ina koyar da shi ban sani ba. Ke kin yi zama ɗaya ya faɗa a gaban kowa, ba wanda ya yi dariya.

Akwai abin da ba ki gani ba lokacin da kike ofis da malamai. Umaima ta samu Malam Gidaɗo a gindin ɗorawa kusa da motarsa. Ta tsaya nesa tana kallon sa kamar ta ga wanda ya fito daga cikin takarda, wanda kuwa haka ne. Can ta matso ta ce, "Kai ne?" Ya ce, "Ni ne." Ta ce ya buɗe idonsa ta gani. Ya ja fatar idon ƙasa da yatsa, ta leƙa, ta ce, "Irin na Abba." Sannan ta tambaye shi, "Me ya sa kai ka rayu?"

Shi kuwa bai ɓata fuska ba. Ya ce, "Ban sani ba, ƙanwata. Ba don na fi shi shan magani ba, ba don iyayena sun fi naku ƙoƙari ba. Nakan tambayi kaina, ban samu amsa ba." Sai ta zauna a kan saiwar bishiyar ta fashe da kuka, irin kukan da ban taɓa jin ta yi ba. Bai ce mata ta yi shiru ba. Ya zauna gefe yana jira. Da ta lafa ya ce, "An ce ya shiga ruwan sama. Ni har yau ban taɓa ba. Ba ni labari, yaya ya ce yake?" Ta share ido ta fara ba shi, har da kwaikwayon tsallen.

Game da Malam Maikuɗi, kin dai ji da kunnenki abin da ya ce a rumfarsa, cewa yarinya ta faɗi abin da take so amma in an rubuta littafin kada a buga, kada a kawo masa. Bayan tafiyarku na sake wucewa, ya kira ni ya ce in gaya miki waken da ya ba ki na bana ne, a shanya shi kafin a ajiye. Bai ƙara komai ba. Ba mugu ba ne, Mama. Shi ya ɗauki yaron a kan babur zuwa Kontagora ranar, kuma tun daga nan bai sake hawa babur ɗin ba. Innarsu Bashira kuwa ta riƙe hannuna a zaure ta ce, "Ki ce wa Hajiya ta rubuta. Ni kukan ba ya kashe ni, shirun ne."

Umaima ta fara surutu a aji. Jiya har sai da na tsawata mata, na juya allo ina murmushi.

Taki,
Alheri

*

Tudun Wada, watan Janairu

'Yata Alheri,

Gaisuwa da fatan kun shiga sabuwar shekara lafiya, kun yi Kirsimeti lafiya. Ki gaishe da mutanen gida.

Ga littafin Abba nan a cikin babban ambulan. Na gama. Na kai wa masu buga takardu a bakin tasha sun mayar min da shi rubutun na'ura, don nawa ni kaina ba na iya karantawa.

Duk littattafaina ni nake jan su, wannan shi ya ja ni. Wasiƙun Umaima suna zuwa, kowace da abin da ban zata ba. In na ƙara wani abu nawa don ya yi kyau, sai in aika mata, ta dawo min da shi ta ja layi ta rubuta, "Abba ba zai ce haka ba." Ban taɓa samun mai gyara mai tsanani irinta ba, kuma ba ta taɓa kuskure ba. Akwai ranar da nake rubuta wurin zabbi ina dariya ni kaɗai, har maƙwabciyata ta leƙo ta ga ko lafiya.

Littafin na rayuwarsa ne, ba na mutuwarsa ba. Na sa Gidaɗo ya karanta da idon mai ciwon. Ya ce da yana yaro ya samu wannan da bai ji tsoro ba, da kishi zai ji, don yaron ya fi shi morewa. Wannan ya kwantar min da hankali.

Babin ƙarshe ne kawai ban gamsu da shi ba, wato tafiyarsu asibiti. Umaima ba ta nan, Innarsu tana baya a mota, ba wanda ya san abin da ya faru a hanya sai mutum ɗaya. Na cike shi da abin da na sani a matsayina na nas, yaro yana kuka, uba yana addu'a. Haka aka saba gani.

Na yi wa Malam Maikuɗi alkawari ba zan buga ba, kuma ba zan buga ba. In wannan kwafin ne kaɗai zai wanzu a duniya, na yarda, littafi na goma sha biyu ya zama mai makaranci ɗaya tak. Ki ba Umaima, nata ne. Kada ta kai wa babanta, ya ce kada a kai masa. Ta karanta wa Innarta in tana so.

Mamarki,
Rahmat

*

Auna, watan Fabrairu

Mama,

Gaisuwa mai yawa, ya ƙarfin jiki? Ki zauna kafin ki karanta wannan.

Umaima ba ta kai wa babanta ba, kamar yadda kika ce. Kullum bayan la'asar take karanta wa Innarta babi ɗaya a tsakar gida, lokacin yana kasuwa. Maƙwabta mata suka fara shigowa. Ni ma Bashira ta aiko min, na riƙa zuwa. Mama, a cikin matan nan akwai waɗanda suka binne nasu da ciwon nan, wasu ma ba su san sunan ciwon ba sai yanzu. Wata tsohuwa ta ce, "Ashe ba mayu ba ne." Ana dariya ana share hawaye, ban taɓa zama a wuri irin wannan ba.

Ashe Malam Maikuɗi ya fara tashi daga kasuwa da wuri. Ba ya shigowa. Zama yake a zaure a kan buhu, wai yana gyaran ma'auni. Muna ganin ƙafarsa ta ƙasan labule. Bashira ta yi wa Umaima ido ta ci gaba, ta ɗan ɗaga murya. Ranar da aka zo wurin da Abba ke kwaikwayon Banufe mai kifi, Umaima ta yi shi da muryar Abba sak. Sai muka ji dariya ta kubce daga zaure, gajeriya, sannan tari, sannan shiru.

Shekaranjiya aka zo babin ƙarshe. Umaima tana karanta wurin da yaron ke kuka a kan babur, sai labule ya ɗaga. Ya shigo ba sallama, abin da bai taɓa yi ba in akwai mata. Kowacce ta gyara mayafi. Ya tsaya a tsakiyar gida ya ce, "Ba haka aka yi ba."

Ya ce, "Ni na ɗauke shi. A gabana ya zauna, na ɗaure shi da rawani a ƙirjina. Ba kuka yake ba. Cewa yake in ƙara gudu." Ya dubi Bashira, ya ce, "Abba waƙa yake yi, Bashira. Har muka wuce Salka waƙa yake."

Mama, ya kira sunan. A gaban kowa.

Bashira ta rufe fuska da mayafi. Umaima ta ce, "Baba, wace waƙa?" Ya miƙa hannu ta ba shi takardun, ya juya su kamar mai auna nauyinsu, ya mayar mata, ya fita.

Yau da safe ya tare ni a hanyar makaranta. Ya tambaye ni kwatancen gidanki. Na ce direban motarmu ya sani. Ya ce ba da mota zai je ba. Da na wuce ƙofar gidansu na ga an fito da babur ɗin daga rumfa, mai gyara yana durƙushe a gabansa.

Ban san abin da zai ce miki ba. Ina roƙon Allah ya zama alheri.

Taki har kullum,
Alheri

*

Tudun Wada, Kontagora

Jikata Umaima,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, da Innarki, da Malama Alheri.

Babanki ya zo. Ya zauna a kan tabarma, ya ƙi kujera. Ya yi magana tun bayan azahar har rana ta yi sanyi, ni kuwa ina rubutu da hannun nan mai rawa, ban ji ya gaji ba. Na yi jinyar yara shekaru masu yawa, ina zaton na san abin da ke faruwa kafin a iso ƙofar asibiti. Ashe ban sani ba.

Na cire babina na ƙarshe, na sa nasa. Ya ce a buga, a bar sunan Abba yadda yake, a bar na zabbin ma.

Kin tambaye shi wace waƙa. Ya rera min ita, kuma ya ba ni labarin hanyar gaba ɗaya, amma ya hana ni rubuto miki. Ya ce bai dace 'yarsa ta fara jin wannan a takarda ba. Shi zai gaya miki da bakinsa, ke da Innarki.

In ya kira ki, ki ajiye duk abin da kike yi ki je.

Ki huta lafiya.

Kakarki,
Rahmat